Tambayi Kawu: "An ce kiɗan da nake so na 'yan luwaɗi ne, ni kuma a unguwa ana kirana ɗan daudu"

Jama'a assalamu alaikum. Wasiƙu uku na ɗauka wannan makon, ta farkon kuma ta cinye kusan duk filin, saboda haka masu jiran amsa kan rajistar ƙungiya ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka, ya iyali ya aiki. Don girman Allah kar ka sa sunana ko unguwarmu, ka ce daga Bauchi kawai. Shekarata 24, da rana ina shagon ɗinki da yamma kuma muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan unguwa, a filin wata firamare muke rihazal in yara sun tashi. Da muna da mata biyu, ɗaya aka yi mata aure ɗayar kuma babanta ya ce in ya ƙara ganinta a cikinmu sai ya saɓa mata, shi ne duk wani rol na mace ya dawo kaina don a tsakanin yayyena mata na tashi na iya maganarsu na iya tafiyarsu. Bayan ƙaramar salla muka yi wasa kan auren dole na fito a uwar miji, wallahi Kawu mutane har da masu riƙe ciki don dariya har liƙi aka yi min, amma tun daga ranar in na zo wucewa ta majalisa sai ka ji an ce a ba Hajiya hanya ga ɗan daudu nan, kuma waɗanda suka yi min liƙin ne fa. To akwai wani kiɗa da ake ce wa hawus, wani ɗan bautar ƙasa da ya zauna a gidanmu ya tura min a memori shekara uku ke nan, shi nake sawa a kunne ina taka keke, shi nake ji kafin in fita gaban mutane don yana cire min tsoro, ranar da aka rasa mahaifiyata ma bayan sadakar bakwai shi ya riƙa sa ni barci, ban san yadda zan yi maka bayani ba. Na kawo shi rihazal muna motsa jiki da shi kowa na so, sai wani a cikinmu ya bincika a waya ya zo ya ce ai kiɗan 'yan luwaɗin Amurka ne, ya kalle ni ya ce dama mun sani. Shugaba ya ce a daina sawa. Kawu gaskiya ne abin da ya faɗa? In bar wasan ne? Kuma akwai wani abu a raina da ban taɓa faɗa wa kowa ba ni kaina ban gama gane shi ba, da na karanta tarihin mutanen sai na ji kamar da ni ake. — Daga Bauchi

AMSA: Ɗana, na cire suna na cire unguwa, har wasu abubuwa biyu da na ga za su sa a gane ka na goge su. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka.

Ba zan yi maka ƙarya don in faranta maka ba, abokin naka bai ƙirƙira ba. A birnin Shikago na Amurka aka haifi kiɗan nan, a wani gidan rawa da aka buɗe a 1977 mai suna Warehouse, wato sito ko ɗakin ajiyar kaya, kuma mafi yawan masu zuwa wurin baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka maza masu neman maza. Mai wurin, Robert Williams, ya ɗauko wani matashin DJ daga Niyok, Frankie Knuckles, wanda shi ma bai taɓa ɓoye cewa haka yake ba. Abin da aka fi faɗa kan sunan shi ne masu sayar da faifai suka gaji da samari na zuwa suna cewa a ba su irin wanda ake sawa a Warehouse, sai aka gutsure kalmar ta koma hawus. Shi ke nan asalin sunan, ba wani sirri a ciki.

Amma abokinka ya karanta layin farko ne ya rufe waya. Me ya tara mutanen a wancan sito? An rufe musu ƙofa ne ta ko'ina. Gidajen rawar turawa ba sa son baƙaƙen fata, a gida iyaye sun kore wasu, cocin da suka tashi suna rera waƙa a ciki ya juya musu baya. Sannan a ranar 12 ga Yuli 1979 aka yi wani abu a filin wasa na Comiskey Park a nan Shikago ɗin, wani mai gabatar da shiri a rediyo ya ce duk wanda ya zo da faifan disko, wato kiɗan rawar da ake sawa a irin wancan sito, zai shiga da santi 98 kawai, aka tara faifan a tsakiyar fili aka tashe su da nakiya, matasa dubbai suka ɓarke cikin filin har aka fasa na biyu cikin wasannin ƙwallo biyu da aka shirya ranar. Da yawa daga baƙaƙen da suka ga abin sun ce ba kiɗan ake ƙi ba, masu kiɗan ake ƙi. Bayan nan kamfanoni suka janye hannu daga disko, sabbin faifai suka yi ƙaranci. To Knuckles sai ya koma kan tsofaffin, yana yanka zaren rikoda da reza yana liƙawa, ya tsawaita inda jama'a suka fi so ya zubar da sauran, kai da kake tela ka san wannan aikin, kwaskwarimar tsohuwar riga ce. Daga baya aka ƙara da na'urar ganga ta kamfanin Roland na Japan, irin su TR-909 da ta fito a 1983 ba ta yi kasuwa ba ta faɗo gwanjo yaran talakawa suka iya saye. Knuckles da kansa ya kira hawus ramuwar gayyar disko.

Bugun nan da kake ji dum dum dum dum ba ya canzawa, sau 120 zuwa 130 a minti ɗaya, shi ne ƙashin bayan abin, kuma ban yi mamaki ba da ka ce da shi kake taka keke da shi kake cire tsoro. Kiɗa ne da ba ya ba ka mamaki, ka san inda bugu na gaba zai faɗo, mutumin da hankalinsa ke tashe kuwa abin da yake nema ke nan. Muryoyin da ake ɗorawa a kai kuma da yawa daga waƙoƙin cocin baƙaƙe suka taso, shi ya sa wani lokaci za ka ji kamar mai waƙar kuka take tana roƙo.

Knuckles ya ci kyautar Grammy a 1998, a 2004 aka sa wa titin da sito ɗin yake sunansa, lokacin Barack Obama yana ɗan majalisar jihar kuma da hannunsa a ciki, Knuckles ɗin ya rasu a Maris 2014 bayan fama da ciwon suga, a 2023 kuma birnin ya sa ginin cikin wuraren tarihi da ba a rushewa. Kiɗan kuwa tuni ya bar hannun masu shi, ya shiga Ingila a ƙarshen shekarun 1980, ya sauka Afirka ta Kudu ya haifi kwaito, ya haifi amapiano. Ka tambayi abokin naka me DJ ya sa a bikin ƙarshe da ya je a Fadaman Mada ko Yalwa, in ya taka rawar amapiano to jikan hawus ya taka wa. Laifi tudu ne.

Yanzu zancen zani da ɗankwali. Ni Kawunka da kake gani da furfura, a makarantar kwana ta maza zalla na yi sakandare kuma shekara biyu ni ne amarya a duk wasan da kulob ɗinmu ya yi, da zanin matar wani malami da lemo biyu a ƙirji, ba wanda ya fasa ba ni 'yarsa saboda haka. Kuma mu Hausawa ba yau muka fara ba. In azumi ya kai goma yara suka fito tashe, a wasan Mairama da Daudu yarinya ce ke zura babbar riga da hula ta zama miji, kowa ya ba da sadaka ya yi dariya. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa. A Ingila ma zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a mata, sai wajen 1660 mace ta fara hawa dandamali. Dalilinsu irin naku ne, an hana mata fitowa. Wato unguwar da ta janye 'yan mata biyu daga ƙungiyarku ita ta ɗaura maka zanin, ta yi maka liƙi, sannan ta koma majalisa tana maka suna. Wannan kam ba adalci ba ne kuma ina so shugabanku ya karanta nan wurin da kyau.

Malam shugaba, hana kiɗan ba komai ba ne, kai ke da ƙungiya, in ka ce kalangu za a motsa jiki da shi ba wanda zai mutu. Abin da ka yi shiru a kai shi ne babba. An kalli yaronka a gabanka an ce "dama mun sani" ba ka ce uffan ba. Me aka sani? Wa ya gani? A garin nan irin wannan kalmar ba wasa ba ce, tana iya tara wa mutum jama'a da duwatsu. Ni ba malami ba ne amma ko ɗan Islamiyya ya san ayoyi na 11 da 12 na Suratul Hujurat, an hana jifan juna da miyagun laƙabi an hana zato an hana bin diddigin sirrin mutane. Ka tara su ka ja kunne, kuma rol ɗin mata a riƙa zagayawa da shi, shi mai binciken wayar a ba shi kishiya a wasa na gaba mu ga ƙwarewarsa.

Su 'yan daudun da ake zaginka da su ma, mutane ne da muka tashi muka tarar a tasha da bakin kasuwa suna tuya suna sayar da abinci, ana kiransu girkin biki, ana dariyar habaicinsu, wasunsu da mata da 'ya'ya. Ba duk ɗan daudu ne mai neman maza ba, ba kuma duk mai neman maza ne ke rangwaɗa ba, jama'a ne suka haɗa su a kwando ɗaya don ya fi sauƙin jifa.

Saura maganarka ta ƙarshe, wadda na san ita ce ainihin wasiƙar, sauran duk rakiya suka yi mata.

Ba zan ce maka kai kaza ne ba, kai da kanka ka ce ba ka gama ganewa ba, kuma wanda bai taɓa ganinka ba bai isa ya yanke maka ba. Fatawa ma ba tawa ba ce, matsayin malamanmu da na coci a kan wannan ba ɓoyayye ba ne kai ma ka san shi. Abin da zan iya gaya maka shi ne ƙasar da kake takawa. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, shekara 10 kan kafa ƙungiya ko shiga ko tallafa mata ko nuna irin wannan soyayya a fili. Bauchi kuma tana da dokar shari'a tun 2001 wadda hukuncinta ya kai kisa. A wannan Janairun na 2014 a cikin garin nan jama'a suka yi wa kotu ruwan duwatsu ana tsakiyar shari'ar wasu da ake zargi, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A 2022 wata kotun shari'a a Ningi ta yanke wa mutum uku hukuncin jefewa. Shikago ta 1977 da duk wahalarta tana da sito da za a shiga a rufo ƙofa, kai ba ka da shi, kar daɗin tarihin ya sa ka manta.

Saboda haka ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kar ka faɗa a ƙungiya ko da an yi daren da kowa ke buɗe zuciyarsa, kar ka zuba shi a cikin wasa kana ganin ba za a gane ba, za a gane. Kar ka rubuta wa baƙo a Facebook ko WhatsApp, akwai masu farauta da ke shigar burtu su ja mutum da daɗin baki zuwa wani ɗaki, su yi masa duka su ɗauki bidiyo su ƙwace waya su riƙa tatsar kuɗi, sun san ba zai iya kai ƙara ba. Saƙon da ka turo min ma goge shi daga wayarka, ni na goge nawa. Na san nauyi ne a ce wa mai shekara 24 ya yi shiru da abin da ke cinsa, ba kuma don abin kunya ne kai ba nake faɗa, don ina so ka kai shekaruna ne. In abin ya kai ka daina cin abinci ko barci ko ka fara tunanin gara ka bi mahaifiyarka, to wannan ba na shiru ba ne, ka je asibiti ɓangaren masu duba damuwa ka ce damuwa ke damunka, ba dole sai ka faɗi dalili ranar farko ba.

Wasa kuwa kar ka bari. Mutumin da zai sa fili guda su riƙe ciki ba a samunsa kullum. Ka huta da rol ɗin mata na wata biyu uku ƙura ta lafa, ka karɓi na tsoho ko ɗan sanda ko mai unguwa su ga ashe kowa kake iya zama. Kiɗanka kuma yana kunnenka, ba a hana iyafis ba.

TAMBAYA: Kawu ni DJ ne a Gombe ina biki da suna da fati, muna musu da abokin aikina shi ya ce amapiano kiɗan Legas ne ni na ce na Afirka ta Kudu ne kuma da hawus duk abu ɗaya ne, mun sa kuɗin kati, raba mu. — Daga Jekadafari

AMSA: Karɓi rabin katin. Na Afirka ta Kudu ne, daga unguwannin baƙaƙe na kewayen Johannesburg da Pretoria ya taso a tsakiyar shekarun 2010, sunan ma da harshen Zulu ne, jam'in fiyano. Mawaƙan Legas sun ɗauko shi ne wajen 2020 suka zuba masa nasu yajin. Amma cewa abu ɗaya ne da hawus nan ka zarce. Amapiano ya fi tafiya a hankali, yawanci bugu 110 zuwa 115 ne a minti, kuma abin da ke bambanta shi shi ne wannan gangar mai gurnani da ke girgiza sifika har ka ji ta a ciki. Kai ma ka sani in ka haɗa su kai tsaye ba ka rage gudu ba 'yan rawa za su tsaya suna kallonka. In kana son jin hawus ɗin Afirka ta Kudu na ainihi nemi Black Coffee, wanda ya ci Grammy a 2022. Kuma don Allah ku riƙa rage sauti bayan goma na dare, muna da hawan jini.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Malamar firamare ce ni a wani ƙauye kusa da Kumo, duk damina amai da gudawa na kwashe mana yara, ni da wasu matasa muna so mu yi wasan faɗakarwa amma ba mu da marubuci ba mu da kuɗi ba mu da sifika, ta ina za mu fara? — Daga Akko

AMSA: 'Yata, abubuwa ukun da kika ce ba ku da su ba ko ɗaya da kuke buƙata. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun tsakiyar shekarun 1970 malaman wasan kwaikwayo irin su Michael Etherton, daga baya su Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, ba da rubutaccen wasa a hannu ba. Sai su zauna da mutane tukun, a bakin rijiya a majalisa a cikin gida, su ji me ke damunsu da bakinsu, sannan a ɗinka wasan da su da Hausar da suke yi, a yi shi a ƙarƙashin bishiya.

Ku ma haka za ku yi. Fara da gaisuwa wurin mai gari da liman, in ba su sa albarka ba kar a buga ko gwangwani. Ku yi sati kuna tambaya, za ki ga ba rashin sani ne matsalar ba, kowace uwa ta san ruwan rafin nan ba kyau, wataƙila famfon tuƙa-tuƙa ne ya lalace shekara biyu ana jayayyar wa zai gyara, to wasanku ke nan, ba wani ya fito da farar riga yana cewa ku wanke hannu ba, wannan ko akuya ba ta tsayawa kallo. Ku sa dariya da yawa, ku sa waƙar da 'yan matan garin ke yi a dandali ku canza mata baiti, kar ku kwaikwayi wani takamaiman mutum da za a gane, za a bar zancen ruwa a koma rigima.

Sannan dabarar da na fi so, wadda wani ɗan Barazil Augusto Boal ya shahara da ita: in wasa ya kai inda ya cuɗe, yaro na kwance uwa na kuka uba ya ce ba kuɗin asibiti, sai ku tsaya cak ku juyo ku tambayi 'yan kallo, to jama'a ya za a yi? Wanda ya ce ga yadda za a yi a ce bismilla shigo ka karɓi rol ɗin uban ka nuna mana. A wurin ne a koya haɗa ruwan gishiri da suga, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a sa wata uwa daga cikin taron ta haɗa da hannunta kowa na gani, kuma ku gayyato ma'aikacin lafiyan da ke kusa ya tsaya a gefe don tambayoyin da suka fi ƙarfinku.

Batun sifika, ku yi da'ira ƙarama jama'a su kewaye ku, mai magana ya riƙa juyawa kar ya ba ɓangare ɗaya baya, ganga ɗaya ta isa tara mutane. Matan aure da ba sa fitowa ku maimaita musu a cikin wani babban gida, 'yan mata su yi. Kar ya wuce minti arba'in, kuma ku fara da wuri bayan la'asar, don da an kira magariba filin zai watse ko kun gama ko ba ku gama ba.